Sunan Kawunku da Na Goge

Kun taso kuna jin cewa akwai wata magana tsakanina da kawunku Jaɓɓi, kuma na san kowannenku ya ɗinka wa kansa labarin da ya fi kwanta masa. Hadiza ta taɓa tambayar mahaifiyarku ko rigimar gado ce. Ba gado ba ne, domin ban gaji ko akuya a gidansu ba. Wasu a gari sun ce na kira shi ɓarawo a tsakiyar kara, kasuwar shanu. Ban furta wannan kalma ba, amma abin da na faɗa bai yi mata nisa ba, kuma gara ku ji shi daga bakina tun ina da ƙarfin riƙe alƙalami.

Kun san ni malamin lissafi ne kafin komai. Na daɗe ina koyar da 'ya'yan mutane a nan Illela, kuma aikin ya bar mini wani hali da ban gane cuta ba ne sai da na tsufa: ina son tambaya mai amsa ɗaya. Da kwamfuta ta shigo garin nan, furfura ta riga ta fara mini sallama, amma na shige ta da ƙarfi kamar wanda aka yi wa asiri. Na fara da buga wa mutane takardu, daga baya na koyi rubuta manhaja da kaina, ina karantawa a waya, ina gwadawa, ina ɓatawa. Mahaifiyarku takan ce na yi amarya ba tare da an kai lefe ba. Abin da ya ja ni kuwa shi ne na sami abokin zama mai irin halina. Ka faɗa mata abu sau ɗaya, ta riƙe shi yadda ka faɗa, ba ta ce maka "ai ka san yadda abubuwa suke."

Shekarar da nake son ba ku labari, satar shanu ta yi yawa a yankinmu, har mutum ba ya sayen sa a kara sai gabansa na faɗuwa. Wata ƙungiya ta makiyaya da dillalan shanu ta yanke shawarar a maƙala wa kowace saniya tambari mai lamba a kunne lokacin rigakafi, a kuma tara sunayen masu su wuri ɗaya, yadda duk wanda ke kara zai danna lambar a wayarsa ya ga ta wane ce. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Mamman, ɗalibina ne a da, shi ya zo har zaure ya ce ni zan gina musu. Na yi ta kawaici a baki, amma a raina na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Bari in yi muku bayanin aikin a taƙaice, don ba za ku gane laifina ba sai kun gane shi. Bayanan da manhaja ke riƙewa ana jera su ne a abin da muke kira tebur, wato layi-layi kamar rajistar aji. Na yi tebur na shanu, na yi na tambarin kunne, na yi na katin mallaka mai ɗauke da sunan mai saniya da garinsa. Masu gina manhajar yanar gizo ba sa farawa daga fili. Akwai tsarin da wasu suka riga suka kafa, kamar harsashi da ginshiƙai, kai naka ka ja bango ka sa ƙofa. A cikin tsarin, da layi ɗaya na rubutu kake faɗin yadda tebur biyu suke da dangantaka. Akwai ɗaya-da-yawa, kamar uwa da 'ya'yanta. Akwai kuma ɗaya-da-ɗaya, inda kowane layi na nan yake da abokinsa guda tak a can, kuma rumbun bayanan da kansa zai ƙi karɓar na biyu ko da kuka ka zo masa. Wannan ita ce ta fi burge ni. Na ɗaura saniya da tambarinta ɗaya-da-ɗaya, kuma har gobe wannan daidai ne. Sai na ɗaura saniya da katin mallaka haka nan: saniya ɗaya, kati ɗaya, suna ɗaya. Tunda rumbun ba zai karɓi kati na biyu ba, dole in faɗa wa manhajar abin da za ta yi idan aka sake shigar da saniyar da take da kati. Na ce ai sayarwa ce kawai ke kawo haka, sai na rubuta cewa ta cire tsohon suna ta sa sabo. Ban tanadi wurin da tsohon zai koma ba.

Wata la'asar ina zaune a tsakar gida da kwamfutar a cinya, mahaifiyarku tana dama fura, na shiga yi mata bayanin nan da ba ta nema ba. Kun san ita 'yar ruga ce, a wajen Amarawa aka haife ta cikin shanu. Ta saurara har na gama, sannan ta ɗago.

"Malam, wanga abu naka, in saniya ta mutum biyu ta fa?"

"Saniya ba ta zama ta mutum biyu," na ce. "Ko ta wanga ta, ko ta wancan."

"To haɓɓanaye fa?"

Na san kalmar, kamar yadda duk wanda ya auri Bafillatana ya san ta. Idan shanun mutum suka ƙare, ɗan'uwa ko aboki yakan kawo masa karsana ya riƙe. Ya sha nononta, ta haifa masa uku, 'yan maruƙan su zama nasa, sannan a mai da uwar gidan mai ita. Na ce mata wannan ai aro ne, mai abu shi ne mai abu, sunansa za a rubuta.

"Wa za ya hwaɗi sunan?" ta ce. "In anka tambayi Bahillace gaban mutane saniyar wa ta, ba shi cewa ta aro ta. Mai ita ma ba shi son a ce."

"To su koyi faɗa. Na'ura ba ta san kunya ba."

Ta ce haka ne, ta miƙo mini furar. Na sha ina jin na ci gardama.

Yanzu ga abin da ya faru, yadda na haɗa shi daga baya. Kawunku Jaɓɓi, wanda ni da mahaifiyarku muke kira Hamma don shi ne babban wanta, yana da wata saniya mai farin goshi da yake kira Wule. A rigakafin farko an maƙala mata tambari a rugarsa, aka shigar da sunansa. Bayan 'yan watanni ciwo ya shiga garken wani amininsa mai suna Sambo a wajen Garu, ya share shi kusan kaf. Hamma ya kora Wule da kansa ya kai masa, ba wanda ya faɗa wa, har mu. Da rigakafi ya zagayo Garu, ma'aikacin ƙungiya ya tarar da ita a turken Sambo, ya tambayi sunan mai gida, ya danna a waya. Sambo bai ce ta aro ce ba. Manhajata kuwa ta yi abin da na koya mata, ta ɗauke Jaɓɓi ta sa Sambo. Shekaru suka wuce, Wule ta haifi uku. Ba da daɗewa ba Sambo ya rasu. Matarsa ta san amanar, ta aika wa Hamma ya zo ya ɗauki saniyarsa kafin iyayenta su tafi da ita can bayan Konni, ƙetaren iyaka, ta yi takaba.

Ranar kasuwa ce Hamma ya biyo da Wule ta bakin kara. Masu sintiri na ƙungiya suka tsayar da shi kamar yadda suke tsayar da kowa, suka danna lamba, sai ga sunan mamaci. Cikin taron akwai ƙanen Sambo, Ja'o, wanda ya daɗe a kudu da shanun wani, bai dawo ba sai da ya ji rasuwar. Ya ce saniyar marayu ce ake shirin haye iyaka da ita. Kafin a aiko a kira ni, an riga an zaunar da Hamma a ƙasa cikin kashin shanu, an karɓe sandarsa, mutane sun yi masa zobe. Dattijo ne mai furfura a lokacin, wanda a rugarsu ba a fara magana sai ya zauna.

Da na iso, Alhaji Mamman ya nuna mini wayar.

"Malam, surukinka na. Ya ce tashi ta, kuma ya ƙi ƙara komi. Ko na'urag ga na yin kuskure?"

Na dubi Hamma. Bai dube ni ba, yana kallon ƙafafun saniyar. Da ya buɗe baki ya ce haɓɓanaye ce, da magana ta ƙare a wurin, amma faɗin haka daidai yake da tsayawa a kasuwa ya sanar cewa Sambo ya mutu ba shi da ko saniya ɗaya tasa ta asali. Ba zai yi ba. Ni kuma ga ɗalibaina na da, ga dillalai, ga baƙi daga Konni, duk sun zuba mini ido, kuma aikina ake tambaya. Maganar mahaifiyarku ta gifta mini a rai, na ture ta.

"Na'ura ba ta ƙarya," na ce. "Abin da aka sa mata shi take faɗi."

Na ji wani ya ja tsaki, wani ya ce to shi ke nan. A lokacin ne Hamma ya ɗago ya dube ni, sau ɗaya. Wani dattijon dillali ya tsaya masa aka bar shi ya tafi gida, aka ɗaure Wule a gidan Alhaji Mamman har a warware a kasuwa mai zuwa. Ya tafi ba sanda, domin bai tsaya karɓarta ba.

Washegari da safe na buɗe ajiyata. Ina da al'adar kwafe rumbun gaba ɗaya duk wata in adana a gefe, kuma ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Na nemo kwafin shekarar farko, na danna lambar Wule. Jaɓɓi, Amarawa. Na daɗe ina kallon sunan. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi sata, ma'aikacin ma aikinsa ya yi. Ni ne na gina ɗaki mai kujera ɗaya, na ce duk wanda ya shigo ya ture na zaune.

A nan ne laifina na gaskiya yake, ku lura da shi. Kuskuren tebur kowa na iya yi. Amma na ga sunan ranar Litinin, ban buɗe baki ba sai da kasuwa ta zagayo. Kwana shida kawunku yana zaune a ruga bai fita ko masallaci ba, ana yawo da sunansa daga Amarawa har tashar babura. Ni kuma ina zagaye a gida ina cewa ina neman hanyar da ta fi dacewa. Ƙarya ce, tsoro nake ji. In na faɗi gaskiya, duk katin da ke rumbun ya zama abin shakka, kuma mutumin da ya tsaya a kara ya ce na'ura ba ta ƙarya zai koma ya ce shi ne ya koya mata. Har na yi tunanin in mai da sunan Hamma a ɓoye, layi ɗaya ne, in ce tangarɗar sadarwa ce aka samu. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne, ina jin kunyar rubuta wannan. Na ga za a ce na gyara wa surukina ne.

Mahaifiyarku ba ta daina dafa mini abinci ba, ba ta kuma yi yaji ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ranar Alhamis ta ajiye mini tuwo, ta tsaya.

"Ni ban tambaye ka ko ka ga sunan Hamma cikin abin nan ba," ta ce. "Na ga huskarka tun Littinin."

"Ina duba yadda za a yi ne."

"Kana duba yadda za ka hita, Malam. Shi kau yana zaune inda ka aje shi."

Ta ɗauki tulunta ta wuce. Ban ci tuwon ba.

Ranar kasuwa na saɓa kwamfutar na tafi rumfar ƙungiya. An taru fiye da na makon jiya, domin kowa na son ya ga ƙarshen abin. Hamma ya zo, ya zauna a gefe. Na buɗe kwafi biyu, na farko da na yanzu, na juya fuskar kwamfutar ga jama'a. Na ce saniyar nan ta Jaɓɓi ce tun tana karsana, ga sunansa. Na ce ba wanda ya goge shi sai ni, domin na gina abin a kan cewa saniya ba ta da mutum sai ɗaya, alhali matata ta faɗa mini ba haka ba ne, na yi mata dariya. Sai Alhaji Mamman ya tambaya to yaya aka yi ta je hannun Sambo. Ba yadda zan kare Hamma ban amsa ba. Na ce haɓɓanaye ce, garken Sambo ya ƙare ne Jaɓɓi ya tallafe shi.

Ja'o ya rufe fuskarsa da rawani. Bai taɓa sanin wansa ya kai haka ba, yana can kudu yana aiko gaisuwa. Ya taso ya durƙusa gaban Hamma, aka kawo sandar, aka kwance Wule. Na zaci an gama. Na matsa kusa da shi, na ce Hamma, ka yafe mini. Ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya yi magana a hankali yadda ba wanda ya ji sai ni.

"Wancan mako ka zubda mutuncina. Yau ka zubda na Sambo, shi da ba shi iya tashi shi kare kainai."

Ya kora saniyarsa ya tafi. Na daɗe ina jin haushin wannan magana. Na ce a raina me yake so in yi, in bar shi da sunan ɓarawo? Sai da shekaru suka ja na yarda cewa ba ranar ce ya kamata in nemi mafita ba. Ranar da mahaifiyarku take dama fura ce, lokacin da gyaran bai fi sauya layi ɗaya ba kuma ba a kwance wa kowa zani a kasuwa ba.

Na gyara manhajar kafin in bar ta. Na bar saniya da tambarinta ɗaya-da-ɗaya, don nan ne gaskiyar abin take. Katin kuwa na kwance shi, ya zama saniya ɗaya tana iya ɗaukar layi da yawa: wanda ya mallaka, wanda yake riƙo, daga yaushe zuwa yaushe, kuma ba a goge tsohon layi, sai dai a rufe shi. Na sa a riƙa tambayar makiyayi a keɓe, ba a gaban jama'a ba, kuma wayar masu sintiri ba ta nuna kalmar aro, sai dai ta ce wannan mutum yana da izinin tafiya da ita. Da muka bi tsofaffin kwafi, mun tarar Wule ba ita kaɗai ba ce. Ƙungiya ta gode mini, sannan ta miƙa aikin ga wasu matasa daga Sakkwato. Ya yi mini zafi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na koma buga takardu, kuma an daɗe in na wuce tashar babura wani zai ce, "Malam, yau na'ura ta yi ƙarya ko ba ta yi ba?"

Da damina ta faɗi, Hamma ya tashi da garkensa ya haye arewa da Konni, bai sake kafa ruga a Amarawa ba. In mun haɗu wurin jana'iza ko suna yakan ba ni hannu, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, amma bai ƙara cin abinci a gidan nan ba. Mahaifiyarku ita ta biya mafi yawan wannan, domin wan da take zuwa gani da ƙafa ya koma sai ta hau mota ta tsallake iyaka. Ba ta taɓa goranta mini ba, ni kuma ban taɓa samun bakin ba ta haƙuri yadda ya kamata ba.

Shekara huɗu bayan haka aka aiko ba shi da lafiya, ta tafi ta yi mako biyu. Ranar da ta dawo ina zaure, sai na ga babban ɗansa Bello, wanda a lokacin ya riga ya yi iyali, yana biye da ita riƙe da igiyar wata karsana mai farin goshi. Jikar Wule ce. Na miƙe na tarye su.

"Hamma ya ce a kawo maka," in ji mahaifiyarku. "Haɓɓanaye ta. Ya ce tunda aikinka ya ƙare, ka riƙa."

"Ba wani abin da ya ƙara?"

"Ya ce ka shigad da ita na'urarka, in ka samu wurin da za ta zauna."

Bello ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka, ina da jikoki a lokacin. Bafillace ba ya kai wa mutum haɓɓanaye sai wanda ya ɗauka nasa ne, kuma ya yarda zai mayar. Na shirya in je in gode masa bayan girbi. Ya rasu kafin a yanke gero.

Ita ce saniyar da ke ɗaure bayan gida, wadda 'ya'yanku suke kai wa dusa in kun zo hutu, kuna cewa saniyar Baba. Ba tawa ba ce. Ta haifi biyu, tana da cikin na uku. In Allah ya kai ni, ni zan kora ta da kaina in haye da ita. In kuma na riga ta, kada wanda ya sa ta cikin rabon gado. 'Yan maruƙan naku ne, uwar kuwa in ta yaye ku mai da ita hannun Bello, kuma ku tafi da ƙafarku, kada ku aika. Kunnenta ba tambari, ban shigar da ita ko'ina ba, don haka ga shi na rubuta muku a nan: mai ita kawunku Jaɓɓi, mai riƙo ni.